'Ya'yan kurame: labarin gidanmu a Aboabo

Mu huɗu iyayenmu suka haifa, kuma dukkanmu muna ji muna magana. Baba da Mma kuwa kurame ne. Na fara da wannan ne saboda ita ce tambayar farko da kowa yake yi mini in ya ji labarin gidanmu, wani ma har sai ya ɗaga murya, wai ko ni ma kunnen nawa da ɗan nauyi. A Aboabo aka haife ni, cikin Kumasi, a irin gidan hayar nan na Zango da kowa ya sani: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, Bahaushe a wannan ɗaki, Bamoshe a wancan, ga Kotokoli, ga Badagombe, ga wata tsohuwa 'yar Asante da ta fi wasunmu iya Hausa. Ni ce ta biyu. Akwai Yaya a gabana, ƙanwata da autanmu a bayana. Mu ukun nan da maganar hannu muka buɗe ido. Yaya bai samu haka ba, kuma abin da ya faru da shi ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Baba ba da kurumta aka haife shi ba. Ya fara zuwa makarantar allo, yana ɗan shekara shida ko bakwai, sanƙarau ya kwantar da shi. Allah ya yi da sauran kwana ya tashi, amma kunne ya tafi. Har gobe in yana salla za ka ji yana karanta Fatiha da ƙananan surori da muryar da shi kansa ba ya ji. Wasu haruffan sun goge, amma karin karatun yana nan yadda malaminsu ya biya musu. Abin da ya shiga kunnensa kafin ciwon shi ne ya rage masa.

Kakanmu fataucin goro yake yi. Wani abokin cinikinsa ya ba shi labarin makarantar kurame a Mampong, ba Mampong ɗinmu na Asante ba, na Akuapem, can kan duwatsu kusa da Akra. Wanda ya kafa ta wani baƙar fata ne ɗan Amurka, Andrew Foster, wanda shi ma sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi digiri a Gallaudet, jami'ar kurame ta Amurka, a 1954. Ya zo Gana a 1957, shekarar da aka sami 'yancin kai, ya fara koyar da yara a Osu cikin Akra, daga baya makarantar ta koma Mampong. Ya bi ƙasashen Afirka yana buɗe irin waɗannan makarantu har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. To, shi Foster ɗan mishan ne, kuma nan kakanmu ya tsaya. Ya kai ɗansa ya dawo ba salla? An daɗe ana ja kafin ya yarda. Baba ya je ya dawo da sallarsa, da karatu da rubutun Turanci, da sana'ar ɗinki. Abin da ya fi waɗannan duka, ya dawo da harshe, wanda ake kira maganar hannu ta Gana. Asalinta daga ta Amurka ta tsiro saboda Foster, shi ya sa da hannu ɗaya muke jera haruffa, amma ta daɗe da zama 'yar gida.

Ita Mma kyanda ce ta tafi da jinta tun tana goye, saboda haka ba ta san wani abu wai shi sauti ba. Ta girma a gida da 'yan nune-nunen da ita da mahaifiyarta kaɗai suka gane: ci, sha, zo, tafi, bari. Sai da ta fara zama budurwa aka kai ta makarantar kurame ta Jamasi, a kan hanyar Mampong ɗinmu. Ta sha gaya mana cewa kafin ta je can ba ta san mutane suna da sunaye ba. Ta ɗauka kowa fuskarsa ce kawai.

A taron kurame na Kumasi suka haɗu. Kurame a garin nan sun san juna fiye da yadda masu ji suke zato, kuma ƙungiyarsu ta ƙasa, GNAD, tun 1968 take. Da maganar aure ta taso dangi suka yi ca. Kurma da kurma, me za su haifa? Wa zai ji kukan jariri? Wannan tsoro ba a Zango kaɗai yake ba. Akwai wani ƙauye a gindin duwatsun Akuapem mai suna Adamorobe, inda kurumta take bin jini har suna da tasu maganar hannu ta daban, kuma a 1975 sarkin garin ya hana kurma ya auri kurma. Baba ya san labarin, yakan kawo shi da ɓacin rai. Tasa kurumtar da ta Mma ciwo ne ya kawo su, ba gado ba, amma wa zai tsaya ya saurari wannan bayani daga bakin wanda ba a jin bakinsa? An dai ɗaura auren ana guna-guni.

Da aka yaye Yaya, Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo ta ɗauke shi zuwa gidanta a Tafo. Hujja biyu gare ta, kuma duka biyun masu ƙarfi ne a wajen mutanenmu. Ɗan fari dama na kakanni ne, uwa ma kunyarsa take ji. Na biyu kuma, in aka bar shi a ɗakin bebaye shi ma bebe zai zama. An zauna a ɗakin Baba, Kaka da Goggo da kawunnai biyu, aka tattauna da baki aka yanke, shi yana zaune yana bin leɓunansu da ido. Kafin wani ya tuna ya rubuta masa a takarda, an riga an ɗaure kayan yaron. An gama magana a kan ɗansa a gabansa bai san an fara ba.

Da lokacin yayena ya zo, Goggo ta iso da zanen goyo a jaka. Mma ce ta ba ni labarin, kuma duk lokacin da take bayarwa sai ta miƙe tsaye ta nuna yadda Baba ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan wannan dogari, ɗaya a kan wancan. Tun daren jiya ya rubuta takardarsa. Ya aika aka kira wani malamin makaranta da ke haya a gidan ya karanta ya juya wa Goggo da Hausa. Abin da ke ciki shi ne: wanda kuka ɗauka, in an kawo shi na miƙa masa hannu sai ya ɓuya a bayan zanen Hajiya. Wannan ba inda za ta. In rashin baki kuke ji mata, ku fita tsakar gida ku ƙirga bakunan da ke gidan nan. Goggo ta ce yau ta ga ranar da ƙaninta zai yi mata rashin kunya da alƙalami. Ta daɗe ba ta tako gidanmu ba.

Kuma gaskiyarsa ce. Yaron da ya tashi a gidan haya na Zango ba zai rasa magana ba ko ya so. Tun asuba ake surutu a bakin famfo, rediyo a kowane ɗaki, masu talla suna shiga suna fita. Na yi baki a kan lokaci, Hausa da Tuwi, yaren Asante, tare, har ana cewa surutuna ya yi yawa. Abin da tsakar gida ba za ta iya ba ni ba shi ne harshen iyayena, wannan sai a ɗakinmu. Daga baya na karanta cewa cikin kowane yara goma da kurame suke haifa kusan tara masu ji ne, kuma jaririn da ya tashi yana ganin maganar hannu yakan yi gwaranci da yatsunsa yadda wani yake yi da baki. Na ga haka da idona a kan autanmu: yana kwance a tabarma yana buɗe ɗan hannunsa yana rufewa a gaban fuskarsa, Mma tana amsa masa da gaske sai ka ce wata muhimmiyar magana ya faɗa.

Kukan dare kuwa da aka yi ta tsoratar da su a kai, Mma ta yi maganinsa da zare. Takan ɗaura bakin zaren a ƙafar jariri, ɗaya bakin a wuyan hannunta. Ya motsa ta farka.

Dokokin ɗakinmu ba su da yawa, amma Baba ba ya sassauci a kansu. In shi ko Mma suna ɗaki, duk abin da baki ya faɗa sai hannu ya faɗa, ko da ni da ƙanwata ne muke faɗa a kan ɗankwali. Ba a juya musu baya a yi magana. In baƙo ya faɗi abu, a faɗa musu yadda ya faɗa, ko zagi ne, ba a tace musu. Kuma ba ya karɓar abin da yake kira ragon hannu. Nune-nunen kasuwa, a nuna baki a ce abinci, a murza yatsu a ce kuɗi, wannan a wajensa ba magana ba ce. Yakan kama yatsuna ya gyara musu zama, ya mayar da hannuna daidai inda alamar take, a goshi ko a haɓa ko a ƙirji, ya sa in sake, yadda malamin allo yake mayar da almajiri kan harafi ɗaya har sai ya fita. Sannan fuska. Mutane suna zaton hannu ne kaɗai ke aiki, alhali gira ce take nuna tambaya ce ko labari, kumatu da leɓe su nuna abu babba ne ko ƙarami, kusa ne ko nesa. In ka yi alama da busasshiyar fuska Baba zai tambaye ka wa ya mutu.

Ba zan so a ɗauka gidan horo ne ba. Bayan sallar isha, in ya rufe shago, sai a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin ƙwan fitila, shi ya zauna inda haske yake dukan fuskarsa. Tatsuniyoyin da ya ji a bakin kakarsa kafin ciwon suna nan a kansa, ya mayar da su hannu. Babu wanda ya taɓa yi mini Gizo kamar Baba. In ya zama Ƙoƙi sai kafaɗunsa su sauka, ido ya yi ƙasa. In ya zama kura sai wuya ya shige, baki ya saki, ka rantse har ɗingishinta kana gani alhali a zaune yake. Shi kuwa Gizo, Baba ya tuna cewa tsamin baki gare shi, saboda haka duk maganar Gizo da karkatattun yatsu yake yin ta, alamar ta fito amma a gurguje, ido yana zare-zare. Mukan yi dariya har maƙwabta su leƙo. 'Ya'yan maƙwabtan ma suka fara zama, kuma da yawansu a nan suka tsinci gaisuwa da 'yan kalmomi. Akwai wanda yanzu direban tirotiro ne, wato motar haya, har yau in ya hango Baba a titi sai ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya gaishe shi.

Ran Lahadi da yamma yakan tafi da mu inda kurame suke taruwa. Dalilinsa shi ne kada mu san hannunsa da na Mma kaɗai. A can muka ga mai saurin hannu da mai sanyin hannu, mai barkwanci, mai gulma daga wancan ƙarshen fili ba tare da ya taso ba. Akwai Kirista, akwai Musulmi, Asante da Frafra da Bahaushe, harshe ɗaya. Wani zuwa aka kawo wani kurma ɗan kasuwa daga Kano, tasa maganar hannun daban ce da tamu, amma kafin a sha ruwa sun daidaita shi da Baba, har suna ciniki a kan yadin shadda. Abubuwan Zango da makaranta ba ta ba su alama ba, irin su koko da ƙosai, tuwon zafi, sahur, mai unguwa, waɗannan a gida muka ƙirƙiro namu. Kowa kuma da sunansa na hannu. Nawa yatsa ne a kan haƙoran gaba, saboda wushiryata.

A waje ne abin yake da wuya. Yaran unguwa suna da wata tsokana da suke yi wa kurame, su sa ganye a baki su tsaya a gabansu, wato su dabbobi ne. Sun yi wa Baba muna tare. Bai bi su da gudu ba, abin da suke so ke nan. Ya juyo ya ce mini da hannu, ki tambayi wancan ko uwarsa ba ta dafa komai ba yau. Na faɗa da ƙarfi yadda doka ta ce, mutanen da ke zaune a bakin shago suka fashe da dariya, yaron ya tofar da ganyen. A mota kuwa Baba ba ya rage hannunsa don ana kallo. Daga Aboabo har Kejetiya hira muke, kowa ya zuba mana ido, shi ko a jikinsa. In na ce Baba ana kallonmu, sai ya ce gani ya kori ji.

Ƙanwata ce ta zo da tawaye lokacin da ta shiga ƙaramar sakandare. Ta fara ɓoye hannu a cikin hijabi in mun fita, a gida kuma sai ta nuna abu da baki ko ta ɗaga kai. Baba bai dake ta ba, bai yi faɗa ba. Kawai sai ya daina ganewa. Ta zo ta murza yatsu tana nufin kuɗin makaranta, ya dube ta, ya dubi yatsun, ya miƙo mata allura. Ta nuna takalminta da ya tsinke, ya yaba kyawunsa ya ci gaba da taka keke. Mma tana gefe tana danne dariya. Ba a je ko'ina ba hannun ya fito daga hijabi, da cikakkiyar jimla da gaisuwa a gaba. Yau ita ce ta fi mu duka iyawa.

Mutane sukan ce mana, ai kun huta da su, sun sami masu yi musu tafinta. Baba ya tsani wannan magana. Yakan ce shi 'ya'ya ya haifa, ba tafintoci ba. A shagonsa da littafin awo da biro yake sallamar masu kawo ɗinki, ga hotunan kaftani da na surfani a bango, mutum ya nuna wanda yake so, a rubuta kuɗi da ranar karɓa. Bai taɓa hana ni makaranta don in zauna masa a shago ba. Abin da yake so da harshen shi ne ya yi mana faɗa da kansa, ya ji wa ya dake mu a makaranta, ya san wace ƙawa muke bi, ya tsokane mu mu rama. Wato ya zama uba, ba wani mutum da ke ba da kuɗin cefane ana gaishe shi daga nesa ba.

Sai dai garin bai bar mu a haka ba. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya cikin Mma ya ɓare, aka kai ta wani asibiti cikin dare. Ba mai iya magana da ita. Wata ma'aikaciya tana ta ɗaga mata murya, da ta ga ba amsa sai ta ce da abokiyar aikinta da Tuwi, irin waɗannan me ya kai su ɗaukar ciki. Ni aka tura ciki. Ni na tambayi mahaifiyata abubuwan da 'ya ba ta tambayar uwa, kalmomin da ban san su ba ko da Hausa, kuma ni na gaya mata cewa cikin babu. Maganar ma'aikaciyar ma na faɗa wa Baba da safe, tunda haka aka koya mini. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba, kuma ba zagin ne ya fi cin sa ba, shigar da ni ɗakin ne. A 2006 aka yi dokar kare haƙƙin naƙasassu, mai lamba 715. Jami'ar horar da malamai ta Winneba tana koyar da aikin tafinta. Amma ka shiga asibiti ko ofishin 'yan sanda da kurma yau ka ga ko za ka tarar da mai jiransa. Yawanci ɗansa ne ko 'yarsa za a nema, ko shekararsa nawa. GNAD ta daɗe tana neman gwamnati ta amince da maganar hannu a hukumance cikin harsunan ƙasa. A masallaci ma haka, Baba yakan je Juma'a ya zauna har a gama huɗuba, sai a hanya autanmu ya ba shi abin da liman ya ce.

Lokacin korona a 2020, da aka kulle Akra da Kumasi a ƙarshen watan Maris, aƙalla akwai tafinta a gefen allon talabijin in shugaban ƙasa yana jawabi, kuma Baba ya bi komai da kansa, har yana kushe hannun wani yana yaba na wani. Takunkumin fuska ne ya zame musu bala'i, don ya rufe rabin magana. Kafin nan kuma mun sha dumso, wajen 2015, wutar da ake ɗaukewa dare da rana. Masu ji in an ɗauke wuta hira suke ci gaba da yi. Mu a ɗakinmu duhu yana nufin an rufe wa kowa baki. Sai a kunna tocila a riƙa miƙa ta, mai magana a haska shi. In batir ya mutu Mma takan kama hannuna ta yi alamar a cikin tafina, in gane da taɓawa.

Duk wannan Yaya ba ya ciki. Tafo ba nisa, mota ɗaya ce, amma sai da salla ko in an yi rasuwa ake kawo shi. Ya durƙusa ya gaida Baba da baki, Baba ya dafa kansa ya ba shi kuɗi, su yi wa juna murmushi, shi ke nan zance ya ƙare. In muna hira da hannu muna dariya sai ya fita tsakar gida. Mun ɗauka girman kai ne irin na ɗan gatan Kaka, shi kuma ya ɗauka da shi muke. Ba na zargin Kaka. Ta riƙe shi da gaskiya, ta yi masa komai, kuma har ta koma ga Allah tana ganin ceton sa ta yi. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa abin da ɗanta yake yi da hannu harshe ne. Ita kanta tun ɗan nata yana shekara bakwai ba ta sake yin doguwar hira da shi ba, kuma ban ji wani a dangi ya ɗauki wannan a matsayin rashi ba.

Yaya ya koyi gyaran mota a Magazin ta Suame, ya zama mai garejin kansa. Da ya tashi neman aure, dole ya zo ya gaya wa mahaifinsa, kuma dole a kira ni. Muka zauna mu uku. Ya faɗi 'yar gidan wane ce, na juya. Baba ya yi tambayoyinsa, na juya. Sai Baba ya gyara zama, ya ɗaga hannu zai fara wata magana, irin wadda uba yake yi wa ɗansa namiji in zai ajiye iyali. Ya dube ni. Ya dubi Yaya. Ya sauke hannun a kan gwiwarsa, ya ce in ce masa Allah ya sanya alheri.

A zaure Yaya ya tsayar da ni. Ya ce, ke, me Baba ya so ya faɗa? Na ce wallahi Yaya ban sani ba, ba ni ya so ya gaya wa ba. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu. Sai ya ce, in mutum ya girma yana iya koyon abin nan?

Yana iyawa, amma da wuya. Yatsun da suka saba da sifana ba sa lanƙwasuwa da sauƙi, kuma kunyar motsa fuska ta fi komai ba shi wahala, babban mutum da gemu a ce ya ɗaga gira ya kumbura kumatu. Da farko wajena yake zuwa a ɓoye. Da Baba ya gane sai ya ce ba a koyon harshe a bayan mai shi, ya riƙa zuwa shago in ya tashi daga gareji. Bai raga masa ba ko kaɗan, yadda ya kama yatsuna ina ƙarama haka ya kama nasa, da baƙin mai da komai. A nan ne Yaya ya tambaya wace alama ce muke yi in ya shigo, yatsa biyu a bayan kunnen dama. Mma ta ce sunanka ne. Akwai ɗan tabo a wurin tun haihuwa, ita ta raɗa masa tun kafin a yi suna, kuma da shi muke ambatonsa kullum a ɗakin. Shekara talatin yana da suna a gidan ubansa bai sani ba. Ya tashi ya fita, muka ba shi lokaci.

Maganar da Baba ya sauke hannu a kanta, sun yi ta daga baya, bayan an haifa wa Yaya 'yar fari. Ban san me aka ce ba, an rufe ƙofa. Da surukar Yaya ta nemi a ba ta yarinyar in an yaye, ya ce a'a, kuma yakan kawo ta gidanmu duk ƙarshen mako ya ajiye ta a cinyar Mma.

Ni ma da nawa auren ya zo, Baba bai tsawwala sadaki ba, amma ya ce wanda zai ɗauki 'yarsa sai ya iya gaishe shi ya tambayi lafiyarsa ba tare da ni a tsakani ba. Maigidana ya yi ta haddar gaisuwa, ranar da ya zo ya rikice ya yi wa Baba barka da asuba da la'asar sakaliya. Baba ya ce ya ci, tunda ya yi ƙoƙari. 'Ya'yana biyu yanzu duk suna yi, kuma tunda kiran bidiyo na WhatsApp ya zo, kullum da daddare sai sun kira kakansu sun kai ƙarata. Yana cewa na ƙaramin ragon hannu ne, ya gado ubansa.

Abin da ke gabanmu yanzu idon Baba ne. Yanar ido ta fara rufe na hagu, ya daina zura zare a allura da kansa, kuma ga kurma ido shi ne komai. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, an sa rana bayan babbar salla. Da aka zo maganar wanda zai shiga da shi wajen likita, na ɗauka ni ce kamar kullum. Yaya ya ce shi ne babba, shi zai shiga. Baba ya yarda, amma ya ja ni gefe ya ce in bar wayata a kunne ranar, don har yanzu Yaya yakan rikita hagu da dama in ya tsorata, shi kuma ba ya so a yanka masa lafiyayyen idon.